Da gaske ne an yi wa Chandrasekhar dariya a kan binciken da ya ba shi suna?

Tambaya: Malam, na ji an ce wani masanin taurari ɗan Indiya ya gano wani muhimmin abu tun yana saurayi, manya suka yi watsi da shi, sai bayan shekara hamsin aka yarda da shi. Mene ne gaskiyar wannan labari?

Amsa: Ɗalibi, wanda kake nufi shi ne Subrahmanyan Chandrasekhar, kuma fanninsa nazarin yadda taurari ke rayuwa da mutuwa ne ta hanyar lissafi, ba ilmin taurari irin na masu duba ba. An haife shi a Lahor a 1910, ya yi karatu a Kwalejin Presidency da ke Madras, kuma ƙanin mahaifinsa, C. V. Raman, ya sami kyautar Nobel a 1930, shekarar da shi Chandrasekhar ya hau jirgin ruwa zuwa Kambirij yana ɗan shekara 19.

A cikin wannan jirgin ne ya soma lissafin da ya ba shi suna. Idan tauraro irin rana ya ƙone makamashinsa, yakan tsuke ya koma abin da masana ke kira farin wada: girmansa kusan na duniyarmu ne, amma cokalin shayi guda na jikinsa zai kai tan da dama. Abin da ke hana shi ci gaba da rushewa shi ne cunkoson ilektiron (ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra) da ke cikinsa, waɗanda ba sa yarda a ƙara matse su. Chandrasekhar ya sa ƙa'idar Einstein kan abubuwan da ke gudu kusa da saurin haske cikin lissafin, sai ya ga cewa wannan turjiya tana da iyaka, domin idan nauyin farin wadan ya haura kimanin ninki 1.4 na nauyin rana, cunkoson ba zai iya tallafe shi ba. Wasu masana, Edmund Stoner da Wilhelm Anderson, sun riga sun hango irin wannan iyaka, sai dai lissafinsa ya fi cika.

Batun dariya kuwa gaskiya ne. A watan Janairu na 1935, a taron ƙungiyar masana taurari ta Ingila a Landan, bayan Chandrasekhar ya gama bayani, Arthur Eddington ya miƙe ya yi masa ba'a, yana cewa dole akwai wata doka a halitta da za ta hana tauraro yin wannan shirme na ci gaba da rushewa ba tsayawa. Eddington ba ƙaramin mutum ba ne, domin shi ya je tsibirin Principe a 1919 ya ɗauki hoton husufin rana wanda ya gaskata hasashen Einstein cewa nauyin rana na lanƙwasa haske, don haka kaɗan ne suka iya musanta shi a bainar jama'a. A ganina abin da ya dame shi ba lissafin ba ne, inda lissafin ya nufa ne, wato abin da yanzu muke kira baƙin rami: tauraron da ya rushe ya tsuke har ko haske ba ya iya kuɓuta daga gare shi.

Inda labarin ya yi ƙari shi ne batun shekara hamsin. Masana sun karɓi iyakar tun kafin nan, kuma Chandrasekhar bai zauna yana jiran a wanke shi ba. Ya koma Jami'ar Shikago a 1937, ya rubuta littafi kan tsarin taurari a 1939, daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a: ya shiga fanni, ya yi shekaru yana tonon sa, ya rubuta littafi, ya wuce wani. Ya kuma riƙe editan mujallar Astrophysical Journal daga 1952 zuwa 1971. Kyautar Nobel da ya raba da William Fowler a 1983 ta shafi ayyukansa kan tsari da sauyawar taurari baki ɗaya. Ya rasu a Shikago a 1995, kuma a 1999 NASA ta harba na'urar hangen nesa ta Chandra da aka sa wa sunansa.