Tambayoyinku: Kewayen rabin ƙwallo, a raba biyu ne ko a'a?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga unguwar Birni nan Damagaram, ina shirin jarrabawar BEPC. Mushe ya ba mu lissafi wai mu nemo kewayen rabin ƙwallo mai faɗin santimita 28, na nemo kewayen da'ira na raba biyu na samu 44 tunda ai rabi aka ce, sai ya ja mini jan biro a kaye. Dan Allah ina kuskurena?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Wlh na ji daɗin tambayar nan don yara da yawa nan suke faɗuwa, kuma ba rashin ƙoƙari ba ne, kalmar "rabi" ce ke ruɗa su.

Je ki ɗauko ƙwaryar furar innarki. Duma aka fafe biyu ko? To ita ce rabin ƙwallo. Yanzu bi bakinta da yatsa ki ga, ai sai kin zagayo kin dawo inda kika fara, da'ira ce cikakkiya babu abin da ya ragu, jikin duman ne aka raba amma bakin yana nan da zagayensa. Kewayen da ake tambayarki kenan.

Sai ki ninka faɗin bakin da pi, wato 3,14 ko 22/7. Da 28 ɗin nan 22/7 ta fi sauƙi, 28 raba 7 ya ba ki 4, 4 sau 22 kuma 88. Amsar mushe santimita 88 ce. Ita 22/7 ɗin kusantawa ce kawai, Arkimidis na Girka ne ya nuna pi bai kai ta ba tun fiye da shekara 2,200 da suka wuce.

Amma 44 ɗinki ma ba banza ba ce fa. Kife ƙwaryar, ɗora zare daga wannan baki ya hau ta bayanta ya sauka ɗaya bakin, tsawon zaren nan shi ne 44, kin amsa wata tambaya ce da ba a yi miki ba.

Duniya ma haka take, mu nan Zinder muna rabin arewa, bakin ƙwaryarmu shi ne layin ikwaita mai wajen kilomita 40,075.

Ki gwada da zare da mitar tela yau ɗin nan, in kin ga bambancin santimita ɗaya ko biyu kar ki damu, ƙwarya ba a injin aka ƙera ta ba.