Tambaya da Amsa: Wai ina kuɗin UNESCO na bikin Argungu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ni ɗan masunta ne daga Argungu, tun ina ƙarami nike bin babanmu Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi, ina riƙe mai gora shi yana saɓe da homa. Gardama ce ta kaure a majalisarmu, wasu sun ce tunda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amshi bikin kamun kifinmu to duk shekara daloli ake turowa, mu kuwa ko sisi ba mu gani ba. Gaskiya ne? Kuma mi ya hana a sa Surame, birnin Kanta Sarkin Kabi, cikin jerin UNESCO? Mai karatu daga Argungu.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya ja kwanan baba. Ka koma majalisa ka faɗa musu babu wasu daloli da ake turowa duk shekara. Abin da UNESCO ta ba Argungu a 2016 suna ne da shaida, ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ake gada baki da baki, hannu da hannu, irin yadda ka koyi kamun kifi wurin baba. UNESCO tana da asusu kam amma ɗan kaɗan ne kuma duniya duka ke wawa a kai, sai gwamnatin ƙasa ta rubuta ta nema, ta ce ga aikin da za a yi, ga lissafinsa, sannan a duba. Nauyin kula da abin yana wuyan gwamnatin tarayya da ta jiha, don ita Najeriya da kanta ta sa hannu ta ce za ta riƙe.

Abin da ya fi ci min rai, lokacin da aka ba da shaidar nan bikin ma a tsaye yake, tun bayan na 2009 ba a sake shiga ruwa ba sai 2020, biki tun 1934 fa, wanda aka soma don girmama zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu bayan doguwar gabar Kabawa da Sakkwato. Shekara goma yaro bai ga Sarkin Ruwa ya buɗe kogi ba, bai ga kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa, ba, bai ga an cicciɓo giwan ruwa ana kaiwa sikeli ba, to a ina zai koya? Takardar Faris, hedikwatar UNESCO, ba ta yashe kogi, ba ta saƙa homa.

Maganar Surame kuma layinta daban, na wurare ne, ganuwa da kufai da duwatsu, ƙarƙashin yarjejeniyar UNESCO ta 1972 kan wuraren tarihi na duniya. A wannan layin biyu kacal muke da su a Najeriya, Sukur ta Adamawa a 1999 sai kurmin Osun na Oshogbo a 2005. Surame, wadda yanzu take cikin jihar Sakkwato duk da tarihinta na Kabi ne, tana jerin jiran tsammani tun 2007. Ba wai an ƙi ta ba ne, aikin ne ba a kammala ba: sai an shata iyakar wurin a taswira, an rubuta tsarin kula da shi, an sa masu gadi, an hana kwasar duwatsun ganuwa da noma a ciki, sannan ƙwararru su zo su gani da idonsu, kuma galibin wannan kuɗin gida ne, ta hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da gwamnatin jiha. Ko an samu shiga ma ba shi ke nan ba, Libaful ta Ingila an cire ta a 2021 saboda gine-ginen da aka yi a bakin ruwanta.

Ni shawarata, maimakon cigiyar dalar da babu, ku haɗu ku masunta ku je wurin ɗan majalisarku na jiha kafin a kai kasafin kuɗi, ku tambaye shi nawa aka sa wa Matan Fada da gidan tarihi na Kanta bana, kuma nawa aka saki a na bara.