Amsar Gwaggo kan biron allurar Hajiya

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya iso tun shekaranjiya, na bari ne sai na sami natsuwa, don ba irin maganar da ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ya maigidan da yara? Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Kin ce ƙanwar uwar mijinki ta zo biki ta kwana a gidanku, ta manto biron allurarta ta suga, ta ce a miƙo mata na Hajiya, uwar mijin naki, tunda ita ma 20 take murɗawa. Ke da magungunan Hajiya ke hannunki kika ce ba za a yi haka ba. Yanzu dangin miji na ta yi da ke, wai kin yi rowar magani, abin da ba a san Bahaushe da shi ba. Shi ne kike tambaya ko kin taka al'ada.

Suna da gaskiyarsu ta wani gefen. A gidan da muka tashi ni da babanki, magani ba shi da mai shi. Kakarku tana da tukunyar jiƙo a bayan ɗaki, sabara da sassaƙen madaci ba sa yanke mata, duk wanda ya shigo da ciwon ciki ko zazzaɓi sai ta ɗebo masa a ludayi, ko sisi ba ta karɓa. Wanda ya hana maƙwabci magani, har jikokinsa sai an goranta musu. Amma masu yi da ke sun manta rabin labarin. Ita kakar taku ba da ka take ɗiba ba. Babba ludayi guda, yaro rabi, gari kuwa yatsu uku a kunu. Na sha ganin mace mai ciki ta miƙa hannu ga tukunyar nan, ta janye ludayin ta ce, "Wannan ba naki ba ne, bari in dafa miki wani." Ba wanda ya taɓa kiranta marowaciya. Hanawa tana cikin al'adar, sai dai an san yadda ake yin ta.

To, ga abin da shekarun aikin jinya suka koya mini, ga kuma nawa ciwon sugan da nake fama da shi. Lambar da kike gani a 'yar tagar biro ba ta gaya miki komai sai kin san abin da ke cikin biron. Insulin, wato maganin allurar sugan nan, da yunit ake auna shi, yunit kuma awon ƙarfin magani ne, ba awon yawan ruwa ba. Yawancin birukan da ake samu an rubuta U-100 a jikinsu, wato yunit 100 a kowace mililita guda, biron kuma mililita 3 yake ɗauka, yunit 300 ke nan. Na Hajiya, in ba a canza mata ba, Lantus ne: ruwa garau, a hankali yake aiki wajen awa 24, bai damu da lokacin cin abinci ba. Ƙanwar tata kuma kin ce nata fari ne kamar an tsinka nono, sai ta mirgina shi a tafin hannu kafin ta yi. Wannan gauraye ne irin su NovoMix 30, kashi 30 mai saurin aiki, kashi 70 mai jinkiri, tare da abinci ake yin sa. Kin ga 20 ɗin wannan da 20 ɗin wancan suna kawai suka haɗa, kamar mudun gero da mudun barkono. Wanda ya saba da irin na Hajiya ya yi 20 na gaurayen da dare ya kwanta bai ci komai ba, sugansa zai iya faɗuwa yana barci.

Faɗuwar suga kuwa ita ce abin tsoro, don ba ta jira. Gumi, makyarkyata, bugun zuciya, sai mutum ya fara sambatu, a gida a ce iska ce ta taɓa shi a kama tofi. In na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, cokalin shayi uku na suga a ruwa ake ba shi matuƙar yana iya haɗiya, in ya suma kuma asibiti kai tsaye, ba a ɗura masa komai.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa. Lokacin kwalba da sirinji ake yi, ana kuma samun insulin mai ƙarfin U-40 da sirinjinsa mai jan murfi. Aka sayo masa sabuwar kwalba U-100, shi kuwa ya ci gaba da tsohon sirinjinsa, ya ja zuwa layin 20 kamar kullum. Layin 20 a wancan sirinjin rabin mililita ne, rabin mililita na sabuwar kwalba kuma yunit 50. A tabarma aka ɗauko shi, rigarsa sharkaf kamar an tsamo shi a rafi, ɗansa na ta rantsuwa wallahi Baba bai ƙara ko ɗigo ba. Gaskiya ya faɗa, bai ƙara ba. Allah ya sa da sauran kwana. Shi ya sa ko da wasa kada ki yarda a zuƙi maganin biro da sirinji, musamman insulin ɗin da ake kira Toujeo, wanda yunit 300 ne a mililita guda.

Ko da ma maganinsu iri ɗaya ne sak, biro na mutum ɗaya ne. In aka yi allura, jini kan iya komawa cikin kwalbar biron, canza tsinken allura ba ya wanke shi. Ta nan ciwon hanta da ƙanjamau ke iya ratsawa. Wannan ke na gaya wa, kada ki je ki faɗa a gaban tsohuwa ta ɗauka zarginta kike.

Sai ɗaya maganar da kika saƙala a ƙarshen saƙo kamar ba komai, wai ƙawarki za ta ba ki ragowar bironta na rage ƙiba, ta ce ki ƙirga ƙas-ƙas ɗin murɗawa kaza. Ikon Allah. Mu a zamaninmu amarya ake tsarewa da kunu da fura don ta yi jiki, ku kuma kuɗi kuke kashewa ku zube. Ban hana ki ba in likita ya duba ki ya ga da buƙata, amma ba ta hannun ƙawa ba. Su waɗannan ba insulin ba ne, ba kuma da yunit ake auna su ba, da miligiram ne. Ozempic sau ɗaya ake yi a mako, a fara da 0.25 har mako huɗu kafin a hau 0.5. Wegovy maganinsu ɗaya da Ozempic, hawa-hawa ake binsa, yawanci har 2.4. Mounjaro daga 2.5 yake farawa, iyakarsa 15. Saxenda kuwa kullum ake yi, daga 0.6 zuwa 3. Ki duba yadda lambobin suka sha bamban: awon farko na Mounjaro ya ninka awon farko na Ozempic sau goma a lamba. Wadda ta ɗauki lissafin wani ta ɗora a kan wani, ko ta yi na mako kullum, amai da gudawa za su kwantar da ita har sai an ƙara mata ruwa. Ƙirga ƙas-ƙas kuma wasa da rai ne, don birukan kamfani ɗaya ma ƙarfin ruwansu ba ɗaya ba ne, murɗa goma a nata ba lalle ya zama goma a wani ba. Ga jabu. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi Ozempic na jabu da ake zargin insulin aka ɗura a ciki, a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan na jabun da aka gano a Burazil da Birtaniya da Amurka. In can an yi, me kike tsammani da wanda ake tallarsa a WhatsApp ba lambar NAFDAC? Kuma ke da kike cewa kuna son ƙarin haihuwa, Ozempic sai an daina shi da wata biyu kafin a ɗauki ciki.

Mu koma kan surukanki. Hanawar da kika yi daidai ce, ko a gaban wa zan faɗa. Inda kika yi kuskure shi ne baki. Ke suruka ce, ita ƙanwar uwar mijinki, ba a ce mata "ba za a yi ba" a tsakar gida mata na ji. Da kin durƙusa kin ce, "Inna, na Hajiya ba irin naki ba ne, ina tsoron ya bugar da ke, bari a nemo miki naki yanzu," sannan ki kira maigidan, a buga waya gidanta a turo hoton kwalin, a tura yaro kantin magani. Ko ki raɗa wa Hajiya ita ta faɗa da bakinta, tunda ya da ƙanwa ba sa jin nauyin juna. Da yanzu albarka ake sa miki.

Saboda haka ranar Juma'a ki shirya ki je gidanta da ɗan turare da sabulu. Kada ki ɗauko zancen yunit, ki ce kin zo ba da haƙuri ne a kan yadda kika yi magana. In ta sake, ki roƙe ta ki ɗauki hoton bironta da takardar likitanta ki ajiye a wayarki, don in ta sake zuwa kwana a san abin da za a nemo.

Na Hajiya kuma, ranar da kuka fara biro ki rubuta kwanan wata a jikinsa, kwana 28 ke gare shi, ko da saura a yar. Waɗanda ba a fara ba su zauna a firji, ban da wajen ƙanƙara. In wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba, ki ƙulle su a leda ki sa a gindin randa inda yashi ke da danshi, haka nake yi da nawa duk bazara. Ki gaishe mini da ita da jiki, ki ce mata ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya kai mu.

Gwaggonki.