Shin in buɗe gidan abinci a Birnin Kebbi da girkinmu na gida?

'Yar'uwa, kin ce kin gama koyon girki, kina tsoron in kika sa tuwo da miyar kuka a gaba, mutane za su wuce ki su tafi wurin masu shawarma. Ni dai ina ganin abincin da kika tashi da shi ne jarinki.

Dubi Fatmata Binta, Bafulatana daga Saliyo. A 2022 ta ci babbar kyautar girki ta Basque a Sifaniya, ita ce ta farko daga Afirka. Da me? Da acca da daddawa, kuma a kan tabarma take zaunar da baƙinta, kamar yadda ake yi a ruga. Pierre Thiam ɗan Senegal ma da acca ya yi suna a Amurka.

Ke kuwa kina Kebbi. Shinkafa a ƙofar gida take, ga kifin Argungu da na Yauri, ga man shanu. Baƙin da ke zuwa bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta karrama a 2016, su ma za su iya zama masu cinikinki, in kika tanadi farfesun giwan ruwa da inda za su zauna su ci cikin natsuwa.

Sai dai gado kaɗai ba ya riƙe kasuwa. Ki auna komai, ɗanɗanon yau ya zama na gobe. Ki zauna da Inna ko Goggo ki rubuta yadda suke haɗa miya, don su da ido suke awo. Tsafta kuma, wallahi kada ki yi wasa da ita. Ki fara da kala uku ko huɗu, in ciniki ya zauna sai ki ƙara.