Dalilin da mutum ba ya gane harbinsa ake yi nan take

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ke sa mutum ya yi sororo ranar da aka fara buɗe masa wuta. Ba wauta ba ce. Harsashin AK-47 na gudun kusan mita 715 a daƙiƙa, sauti kuwa 343. Shi ya sa kunne ke fara jin "tsass" kamar bulala, ko ka ga ƙura ta tashi a bango, ƙarar bindigar sai daga baya. Zuciya kuma ta ce taya ce ta fashe.

Don Allah kada ka tsaya tantancewa. Kwanta, ja ciki zuwa bayan kankare ko injin mota, don ƙofar mota ba ta tare harsashi. Sannan shafa hammata da cinyoyinka, ka duba tafinka. Mutum kan ji rauni bai sani ba, sai jini ya jiƙa riga.