Tambayi Likita: Da gaske maganin ciwon ƙanina yana cikin hanci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ƙanina ɗan shekara 24 ne. Yana aji biyu a kwalejin ilimi ya fara jin muryoyin da mu ba ma ji, ya daina wanka, ya ce maƙwabta na bibiyarsa ta rediyo. Sai da muka sha yawon masu magani kafin mu kai shi asibiti, inda aka ce sikizofireniya ce, wani nau'in taɓin hankali. Shekara biyu ke nan yana shan magani. Muryoyin sun ragu amma ba su tafi ba, ga yawan barci, ga ƙiba. Kwanan baya aka turo mana saƙo a WhatsApp wai wani farfesa a Ostareliya ya gano tushen ciwon a hanci, har ana warkar da shi da allurar ƙwayoyin tushe a ƙasar waje. Yayyenmu maza sun fara maganar sayar da gonar gado. Inna kuwa ta tsangwami kanta, ta ce zazzaɓin da ta sha fama da shi tana da cikinsa ne sila. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?

Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyarsa. Kafin komai, ki roƙi yayyenki su dakata da maganar gona. Farfesan da aka ambata ba ƙirƙirarsa aka yi ba, aikinsa kuma aiki ne na ƙwarai da na daɗe ina bibiya, amma wanda ya rubuta saƙon nan ya ɗauki rabin zance ya ƙarasa da son ransa.

Sunansa Alan Mackay-Sim, na Jami'ar Griffith da ke Birisben. A 2017 aka zaɓe shi gwarzon shekara na ƙasar Ostareliya, ya rasu a Janairun 2023. Matsalar da ya so warwarewa ita ce ta duk mai binciken taɓin hankali. Mai ciwon hanta ana iya ɗibar ɗan naman hantarsa a duba, amma wa zai yarda a yanki ƙwaƙwalwar ɗan'uwansa yana raye? Shi ya sa aka daɗe ba a da abin dubawa sai ƙwaƙwalwar mamata, waɗanda suka yi shekaru suna shan magani, ga tsufa, ga taba, har a kasa bambance aikin ciwo da na sauran.

Sai ya juya ga hanci. Can sama a cikin hanci akwai wata fata da ke jin ƙamshi da wari, jijiyoyinta kuwa dangin na ƙwaƙwalwa ne. Suna mutuwa suna sabuntuwa muddin rai, domin a ƙarƙashinsu akwai ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin jiki da ba su riga sun zama komai ba, masu hayayyafa su haifi wasu. Likitan hanci kan tsinko ɗan mitsitsin nama daga wurin, a raine shi a faranti a ɗakin bincike, ƙwayoyin su yi ta yawaita. Kin ga hanci ba mazaunin ciwon ba ne. Taga ce kawai da ake leƙa ɗakin da ba a iya shiga.

Don ki gane abin da suka hango ta tagar, sai na ɗan koma da ke cikin mahaifa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba a inda za su yi aiki ake haifarsu ba. A can tsakiya suke fitowa, kusa da ramukan ruwan ƙwaƙwalwa, sa'annan kowace ta yi ƙaura zuwa ɓawon waje. Tun farkon shekarun 1970 masanin ƙwaƙwalwa Pasko Rakic ya nuna cewa wasu dogayen zarurruka suke kamawa su hau, kamar yadda duma ke bin danga. Ɓawon nan hawa shida ne, kuma daga ƙasa ake jera shi: na farko su zauna a ƙasa, na bayansu su ratsa ta cikinsu su zauna a sama. Mafi yawan wannan tafiya daga wata na uku zuwa na biyar na ciki ake yinta. Akwai wani furotin mai suna rilin da ke taimaka wa kowace ƙwaya ta san inda za ta saki zare ta tsaya. Duk sa'ad da na koyar da wannan darasi sai jikina ya yi sanyi: biliyoyin ƙwayoyi, cikin duhu, kowace ta nufi mazauninta.

Masana sun daɗe suna zargin a wannan tafiyar ake samun tangarɗa. A 1993 Schahram Akbarian da abokan aikinsa suka ga wasu ƙwayoyi sun maƙale ƙasa da inda ya kamata a ƙwaƙwalwar mamata masu wannan ciwo, a 1998 kuma wasu suka tarar rilin ya ragu da kusan rabi a irin waɗannan ƙwaƙwale. Sai dai gawa ba ta tafiya. Abin da su Mackay-Sim suka ƙara shi ne kallon ƙwayoyi masu rai suna motsi a ƙarƙashin madubin bincike.

Ƙwaya kan yi tafiya ne da wasu 'yan maƙalai a ƙasanta: ta kafa na gaba, ta ja jiki, ta saki na baya. A 2013 suka ba da rahoton cewa a ƙwayoyin masu sikizofireniya maƙalan sun fi ƙanƙanta, ba su da yawa, kuma sun fi saurin saki, don haka ƙwayoyin ba sa riƙe faranti sosai, sun kuma fi gaggawa. Wani mai bincike a ɗakin, Jing Yang Tee, ya ɗora a kai a 2016 da 2017. Ya shimfiɗa rilin a faranti, ƙwayoyin masu lafiya suka rage sauri, na marasa lafiya suka wuce abinsu kamar ba a sa komai ba. Ya sauya irin shimfiɗar da suke takawa, nan ma masu lafiya suka daidaita tafiyarsu, ɗaya ɓangaren bai sauya ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Duk wanda ya taɓa zuwa gona da damina ya san takun laka daban, na yashi daban, na tsakuwa daban. Waɗannan ƙwayoyi taku ɗaya suke yi ko'ina, kamar ba sa jin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu.

A Amurka ma an bi ta wata hanya. Bayan Shinya Yamanaka na Japan ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fata ta koma ta tushe, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012, Kristen Brennand ta Cibiyar Salk ta yi jijiyoyin ƙwaƙwalwa daga fatar marasa lafiya huɗu, ta ga a 2011 cewa ba sa haɗuwa da juna kamar na masu lafiya. A 2015 ta nuna cewa ƙwayoyin da ta samo daga fatar marasa lafiyar ba sa yin nisa wajen ƙaura. Ki lura: na hanci sun cika sauri, na fata sun gaza nisa. Inda suka haɗu shi ne tafiyar ba daidai take ba. Ki kuma lura da adadin: nan mutum huɗu, can ba su wuce goma ba, alhali masu wannan ciwo a duniya sun haura miliyan 20.

A duk wannan aiki ba a yi wa mara lafiya ko ɗaya allurar ƙwayoyin tushe ba. Daga jikinsa ake ɗibarsu a duba, ba sa masa ake yi ba, burin kuwa a gane ciwon a kuma samu farantin gwada sababbin magunguna. Babu hukumar magunguna da ta amince da irin wannan allura don sikizofireniya. Wanda ya ce ku kawo kuɗi a yi, cinikin biri a sama yake so ku yi, kuma abin da na fi tsoro ya ce a ajiye maganin asibiti.

Sai Inna. Ki zauna kusa da ita ki gaya mata wannan daga bakina. Gaskiya ne rashin lafiya ko yunwa lokacin ciki na iya ƙara haɗari kaɗan. A yunwar da aka yi a Holan a 1944 zuwa 1945, yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar wahalar haɗarinsu ya ninka, amma ninkin daga kusan ɗaya ne zuwa biyu cikin ɗari, sauran duka ba su kamu da wannan ciwo ba. Tagwaye masu kama ɗaya, ciki ɗaya, uwa ɗaya, in ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗayan ba ya kamuwa. A 2022 an lissafa wurare 287 a ƙwayoyin gado da ke da hannu a ciwon, kowane da ɗan rabonsa. Mata nawa ne a Funtuwa suka yi zazzaɓin cizon sauro da ciki? Ba ita ta kira zazzaɓin ba, ba kuma laifinta ba ne.

Maganar muryoyi da barci da ƙiba, waɗannan akwai abin yi a kansu yanzu. Ki raka shi ranar ganin likita, ki faɗi duka ukun, don sau da yawa mara lafiya kan ce da sauƙi kawai ya yi shiru. Ana iya gyara yawan maganin ko a sauya shi, a auna sukari da hawan jini. In mantuwa na sa shi tsallake ƙwaya, akwai allurar wata-wata. In an gwada magunguna iri biyu yadda ya kamata muryoyin ba su tafi ba, ki tambayi likita game da wani magani mai suna kulozafin, wanda ke buƙatar gwajin jini a kai a kai. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna bai yi muku nisa ba. A nisanta shi da wiwi ko ta halin ƙaƙa. Gonar kuwa, in damina ta faɗi, a yanka masa 'yan kunyoyi nasa na kansa, wani yayansa ya riƙa tafiya da shi da safe kafin rana ta yi zafi.