Tambaya da Amsa: Kujerun tsohuwar motata sun ƙandare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Marsandi da ta daɗe a ajiye. Kujerunta sun ƙandare, gefen ta direba har ya fara tsagewa. An ce in shafa basilin ko man girki. Zai yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, dakata da basilin ɗin nan tukuna. Fara gano ko fata ce a jikin kujerun ko leda, don maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma tsofaffin Marsandi da yawa ledar nan ce da kamfanin ke kira MB-Tex a jikinsu, wadda ke ruɗin ido. Leƙa ƙarƙashin kujera inda aka naɗe bakin rufin. Bayan fata gashi-gashi ne, bayan leda kuwa saƙaƙƙen yadi.

In fata ce, da sauran magana. Maiƙon da aka ɗura mata wajen jima ne zafi da rana suka ƙone. Share ƙura, musamman ta cikin ɗinki. Zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa marar kaifi cikin lita 1 ta ruwa mai ɗumi, ka goge da kumfar kawai da burushi mai laushi. Kada ka jiƙa ta sharkaf, don fatar da ta sha ruwa ta bushe ƙara tauri take yi. Bari ta sha iska a inuwa.

Sannan ka nemi man gyaran fata mai lanolin, wato maiƙon ulun tumaki. Gwada a wani lungu da farko, saboda yana iya duhunta launi. Shafa sama-sama da tafin hannu, ka lulluɓe kujerar da jakar shara ta roba, ka rufe gilasai, ka bar ta awa 24 zuwa 48. Ɗumin motar ne ke tura man ciki. Goge ragowar, ka maimaita sau 2 ko 3. Kafin ta yi laushi kada a zauna, kada a lanƙwasa, nan take tsagewa. Yawancin fatun mota an rufe su da fenti, sai ta ɗinki da tsaga mai ke ratsawa, don haka lafta shi da yawa danƙo kawai zai bari ya tara datti. Man girki kuwa lalacewa yake yi a ciki ya kama wari.

In leda ce, gaskiya ɗaya ce: ba za ta koma sabuwa ba. Wata irin roba ce mai suna PVC da aka tausasa da wani sinadari, zafi kuma ya fitar da shi a hankali. Wani ɓangare na hazon nan mai maiƙo da ke kwanciya a gilashin gaba daga nan yake. Babu man da ke mayar da shi. Basilin, kananzir, fetur da tina ma janyo ragowar suke yi, yau ta yi ƙyalli, gobe ta fi da tauri. Wanke ta da ruwan sabulu, ka shafa maganin kare leda daga rana wanda aka haɗa da ruwa, ka riƙa sa makari a gilashi. Na'urar busar da gashi tana tausasa ta na ɗan lokaci, daidai a ja ta a ɗinke, amma tana hucewa za ta koma yadda take.

Gefen direban da ya tsage, kai wa mai ɗinkin kujeru ya sauya ɓangaren, ya kuma duba soson ciki. In ya marmashe, rufin ba shi da madogara, ko sabo aka sa a wurin zai sake tsagewa.